Wanda ya danna "na yarda", shi ya jawo wa kansa?

Mai gyaran kwamfuta, Adum a Kumasi: Assalamu alaikum. Ni dai na tsaya a kan bakana: duk wanda manhaja ta canja masa saitin kwamfuta, laifinsa ne. Tun zamanin Windows Vista kwamfuta take tsayawa ta nemi izininka kafin manhaja ta taɓa cikin tsarinta, kai kuma ka danna eh. Kullum ana kawo mini laftof daga Aboabo da Asawase, burauza ta koma wani shafin bincike da mai ita bai sani ba, tarkace suna tashi da zarar an kunna. In ka bincika, "ci gaba" kawai aka yi ta dannawa har ƙarshe.

Hajiya mai shagon buga takardu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Abin da ake tambayata shi ne ko na yarda manhajar ta yi canje-canje. Waɗanne? Ba a faɗa. In na ba kafinta makulli ya gyara mini ƙofa, ai ban ce ya sauya wa gadona wuri ba. Manhajar karanta takardu na saka, sai ta ƙwace buɗe hotuna, tana kuma sabunta kanta a ɓoye tana cinye datar da na saya da kuɗina.

Mai gyara: Hajiya, akwai zaɓin sakawa da hannu, inda za ki cire alamar da ke kan abin da ba ki so.

Malamin kwamfuta, Asawase: To wa ya sa alamar tun farko, Yaya? A da, shekara da shekaru manhajar Java ta yi ta zuwa da layin bincike na kamfanin Ask da ke maƙalewa a burauza, an riga an yi masa alama, sai mai lura ne zai cire. Wannan ma da sauƙi. A 2005 masanin kwamfuta Mark Russinovich ya gano faifan waƙoƙin Sony BMG suna dasa manhaja mai ɓoye kanta a cikin Windows, kuma daga baya aka ga wata manhajar faifan nasu tana shiga ko da mutum ya ƙi amincewa. A 2015 aka samu manhajar talla ta Superfish a laftof ɗin Lenovo tun daga kamfani, ta raunana tsaron shafukan da ake shiga da kalmar sirri. A 2019 Zoom a kan Mac ta bar wani ɓangarenta yana aiki ko bayan an cire ta, har sai da Apple ya tura gyara ya share shi. A ina masu waɗannan na'urori suka danna eh?

Ɗalibi a jami'ar KNUST, Kumasi: Malam, ina bayanka, amma kada a yi jam'u. Direban firinta, wato manhajar da ke sa ta aiki, dole ya shiga cikin tsarin, in ba haka ba firintar Hajiya ba za ta buga ko shafi ɗaya ba. Abin da nake nema kawai: a nuna mini abin da za a taɓa, a bar akwatin babu alama, in na cire manhajar kuma a mayar da saitina yadda aka same shi. Wannan na ƙarshen ne mafi yawansu ba sa yi.

Mai gyara: Na ji batun Sony da Lenovo. Amma mu faɗi gaskiya, manhajar sata ta fi yi mana ɓarna a nan. Umarninta na farko shi ne ka kashe rigakafin kwamfuta, mutane kuma suna kashewa da hannunsu don kada su biya sidi ko ɗaya.

Hajiya: Su wa suke saka mana ta satar? Ai a kan teburinku ake yi, mai laftof yana zaune bai san me aka kashe ba. Gobe in sha Allahu zan aiko yarona da tawa. Ka nuna masa jerin abubuwan da ke tashi in an kunna, ka kuma rubuta mini duk saitin da ka taɓa kafin na biya.