Na gaji da wankin kwalabe, wane kayan famfo zan saya?

Sabon Shiga: 'Yan'uwa barkanmu da war haka. Shekarata biyu ina haɗa giya a gida, lita 19 duk tashi ɗaya. Abin da ya ishe ni shi ne ranar ɗuri: kwalabe fiye da 50 sai na wanke, na zuba sukari, na danne murafe, sannan in zauna jiran sati biyu. Kwanan baya uku suka fashe mini cikin kwaba da tsakar dare. Ina so in koma duron ƙarfen nan da ake kira keg, in riƙa tsiyaya ta famfo. Me zan fara saya, kuma a ina ake tafka kuskure?

Tsohon Hannu: Ƙanena, kafin ka sayi komai ɗauki tef ka auna cikin firjinka. Da gaske nake. Duro irin na Cornelius shi ne daidai kai, lita 19 yake ci, kuma murfinsa na da faɗi, hannu na shiga a wanke. Asali na kamfanonin lemo ne, shi ya sa ya zo iri biyu: bol-lok da Pepsi ta yi amfani da shi, dogo siriri, da fin-lok na Coca-Cola, gajere mai kauri. Bakunansu ba sa shiga juna, don haka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Bayan duro sai tukunyar gas ta CO2, regileta mai agogo biyu da ke daidaita ƙarfin gas, tiyo, da famfo. In duro na hannu ka samu, cire zobban roba biyar da ke hana shi yoyo ka sa sababbi. Ni na yi ganganci na bar su, giyata ta farko ta fito tana ƙamshin lemon da ya kwana a ciki shekara da shekaru.

Mai Firiza: Yaya ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake abin da ke sa mutane kuka: kumfa. Kayan da ake sayarwa a haɗe kan zo da guntun tiyo, ka buɗe famfo ka cika kofi da farin kumfa, giyar ba ta wuce yatsa biyu a ƙasa ba. Sai ka yi ta zargin regileta, alhali ba ruwanta. Gas ne ke turo giyar da ƙarfi, tsawon tiyo da matsinsa su ke rage mata gudu. Nemi mai faɗin ciki 3/16 na inci, kamar mita 3, ka naɗe shi a kan duron cikin sanyi. Ka riƙe sanyin firji a digiri 3 zuwa 4 na Celsius, ƙarfin gas kuma 10 zuwa 12 psi a agogon regileta. A haka ka bar shi sati ɗaya zuwa biyu, giyar za ta sha gas da kanta ba sukari. In gaggawa kake, 30 psi na kwana ɗaya, sannan ka sauke. Kuma famfo gaba ɗaya ake buɗe shi. Rabin buɗewa ma kumfa ne.

Uwar Biyu: Ni dai fin-lok nake so, bakin gas fil biyu, bakin giya fil uku, ko cikin duhu ba ka haɗa su baibai.

Tsohon Hannu: Hakane 'yar'uwa, sai dai kayan gyaran bol-lok sun fi samuwa, kuma siririn ya fi shiga firji. Wani abu kuma: kada agogon tukunya ya ruɗe ka. CO2 a sigar ruwa yake a ciki, allurar ba ta sauka sosai sai ya kusa ƙarewa. Ɗora ta a sikeli in kana son sanin saura. A tsaye za ka ajiye ta, a ɗaure, kuma ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ɗan yoyon da kunne ba ya ji kan kwashe tukunya guda kafin gari ya waye.

Uwar Biyu: Kuma wanki bai ƙare ba fa, tiyo na son wanki duk sati biyu. Famfon roba da ake riƙewa a hannu ya ishe ka farawa. In ka tashi sayen na ƙarfe, ɗauki wanda ba ya tsatsa mai toshewa ta gaba, irin Perlick ko Intertap, ba sa liƙewa in sun kwana biyu ba a taɓa ba.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Na auna yanzu: in na cire kantocin, bol-lok ɗaya zai shiga har da tukunyar a gefe. Saura in shawo kan maigidiyar kan inda kayan miya za su koma.