Shawarwarin masu fama da matsalar ji

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tofowa. Ƙarar desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), awa 8 ce iyakarta a rana, kuma ƙarin desibel 3 kacal yana rage lokacin da rabi. Don haka a toshe kunne kusa da injina, a rage sautin iyafis.

Masu jin "tsiii" a kunne sun fi shan wahala da dare, in ko'ina ya yi tsit. Kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa kan taimaka. Tsinken auduga kuwa, tura dauɗa ciki kawai yake yi. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ya ga likita a ranar.