Musayar waƙa: Doula shiri ya yi ko sa'a ya taka?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan fada, jiya wajen shayi gardama ta yi zafi kan Harouna Doula, kocin da ya kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, gasar kofin Afirka ta 2012, har gawayi ya mutu ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in zubo tawa a waƙe, mai ja ya amsa a waƙe.

Ku ba Doula girmansa, bawan Allah ya yi aiki,
2011 Mena ta sa Damagaram biki,
Duk baƙon da ya zo Yamai sai ya ji jiki,
Masar mai kofi bakwai ta sha mamaki,
Maazou ya zura guda, ƴan baya suka tsare kamar soja a bariki.

Na Zango:
Yaya Ɗan Birni ban raina taka ba,
Amma gaskiya ba za mu ɓoye ta ba,
Wasa uku a waje ko maki ɗaya bai kawo ba,
Alƙahira uku aka zuba mana ba mu rama ba,
Kuskuren wani ne ya kai mu, ba dabararsa ba.

Baba Mai Shayi:
Ƴaƴana ku tsaya, ranar nan 8 ga Oktoba rediyo na manne a kunnena, buta na tafasa har ta zube ban ko sani ba, mu da Afirka ta Kudu (Bafana) da Saliyo kowa ya tashi da maki 9.

Mosimane kocin Bafana ya ji labarin Alƙahira ya saki rai,
Ya ɗauka canjaras da Saliyo ta ishe shi sarai,
Mai cin ƙwallo na benci, ɗan tsakiya ya sa kawai,
Suka tashi ba ci, suna rawa suna ɗaga kai,
Ashe CAF, hukumar ƙwallon Afirka, haɗuwar juna take lissafawa, ba ƙwallaye ba sam-sam-dai,
Mu shida su biyar, tikiti ya nufo Yamai.

Na Zango:
To Baba ai maganata ka ƙarfafa,
Wanda bai karanta doka ba shi ya ba mu ƙafa.

Baba Mai Shayi:
Ɗana makin nan shida daga sama suka faɗo?
Saliyo 3-1, Bafana 2-1, duk a Seyni Kountché aka haɗo,
Wanda ya san rijiyarsa can yake jefa guga ya ɗebo.

Anti ta Sabon Gari:
Ni abin da ke ci min rai har yau shi ne yadda aka yi masa bayan nan, mutum CAF ta ba shi gwarzon koci na 2011 amma aka kawo Courbis daga Faransa wai mai ba da shawara.

Gona ya share, ya shuka, ya yi noma,
Lokacin girbi aka ce wani ya fi shi hikima,
Tukunya ɗaya muciya biyu, ina tuwo zai yi dama?
Gabon, Tunisiya, Maroko, duk aka ci mu muka koma.

Na Zango:
Anti nan kam na bi ki, an yi masa ba daidai ba,
Wasan Tunisiya har yau bai bar raina ba,
N'Gounou ya farke, muna 1-1 ba mu karaya ba,
Minti na ƙarshe Jemaa ya zura, ba wanda ya tare ba,
A benci wa ke ba da umarni lokacin? Yaya Ɗan Birni, ba ka amsa min ba.