Muna tare a CAN, amma teburin Ubangiji ya raba mu

Ɗan Tumfure ya rubuta:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. A watan jiya na halarci ɗaurin auren ƙanwar matata a wani cocin Katolika a nan Gombe, kuma da lokacin Jibin Ubangiji ya yi, aka sanar cewa wanda ba ɗan Katolika ba ya zauna a wurinsa, sai mu 'yan ECWA muka zuba ido layi yana wucewa ta gabanmu. Ban yi fushi ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Tun 1976 aka kafa CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, domin ta haɗa mu, shin bambancin sujada ne ya hana mu zama ikilisiya guda?

Dattijo daga Kaltungo ya amsa:
Ɗana, ba wulaƙanta ka aka yi ba. Katolika sun gaskata cewa gurasa da ruwan inabin suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, mu kuwa muna ci ne domin tunawa da shi, saboda haka a wurinsu ba a cin Jibi tare sai bangaskiya ta riga ta zama ɗaya. Gardamar ta girme mu duka, domin a 1529 Luther da Zwingli, manyan jagororin Furotesta da suka rabu da Katolika, sun zauna a Marburg ta ƙasar Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, Jibin nan ne ya raba su. Ga kuma baftisma: Katolika da Angilika suna yi wa jarirai, mu kuwa sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa kafin a nutsar da shi cikin ruwa.

Uwar Zumunta daga Billiri ta amsa:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai abin da yake raba gidajenmu yau ya fi wannan kusa. Ɗana ya koma wurin 'yan Fentikos yana cewa waƙoƙin littafi ba su da rai, ubansa kuma yana ganin magana da harsuna hayaniya ce, kowannensu yana jawo aya daga 1 Korintiyawa 14. Duk da haka idan matan zumunta suka haɗu a wurin makoki, ba a tambayar cocin mai buga tulu kafin a amsa waƙa.

Ɗan Tumfure ya ƙara da cewa:
Na gode, Baba, na gode, Mama. Yanzu matata tana tambaya wace baftisma za a yi wa jaririyarmu, ni kuwa har yau ban ba ta amsa ba.