Delfi da ɗan jagora, ko mu hau bas kawai?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ina Atina, babban birnin Girka, da mahaifina, kwana ɗaya ya rage mana. Yana son ganin Delfi, kufan tsohon wurin bautar Girkawa, amma gwiwa na damunsa. Mu biya kamfani mai ɗan jagora, ko mu hau bas ɗin haya na KTEL daga tashar Liosion? Tafiyar ta kusa awa uku.

Hajiya Mai Atamfa: Ka kai shi Akropolis, kufan nan na kan tudu, mana, ga shi cikin gari.

Baban Ummi: Can ne gwiwar ta tashi jiya, Hajiya.

Ɗan Fagge: Ni dai Allah ya isa. Yuro 95 na biya wani kamfani. Muna isa aka kora mu kamar awaki: ga haikalin Apollo, ga gidan wasa, ku wuce. Filin tsere da ke can sama ko ƙeyarsa ban gani ba, wai lokaci ya ƙure. Mutum-mutumin tagulla na mai keken doki, minti biyar. Amma a garin Arachova muka share awa guda a shagon darduma, 'yar jagorar tamu tana shan kofi da mai shago.

Malam na Tasalonika: Doka ce, mai lasisi kaɗai ke yin bayani a cikin kufai. Ba shi, duwatsu kawai za ku kalla. Shiga Yuro 12 ne.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, 20 na biya bana.

Ɗan Fagge: Yaushe rabonka da wurin, Malam?

Malam na Tasalonika: Shekara tara ina ƙasar nan, yaro.

Sarkin Zolaya: Wato Baba zai je wajen Pythia, 'yar borin da sarakuna ke kai wa tambaya. Dama sunan ƙasar Girka! Ga Dala, ga Tsumburbura, ko biza babu.

Baban Ummi: Tarihi yake so. Don Allah, hawan fa? Akwai wurin zama?

Hajiya Mai Atamfa: Gangaren dutsen Parnassos ne, hawa ne tun daga ƙofa. Wai ma ya aka yi Baba ya samu biza? Ƙanwata sau biyu tana biyan Yuro 90, ana hana ta, kuɗin kuma ba a mayarwa.

Ɗan Fagge: Biyu kawai? Ni har takardar gida na haɗa musu.