Me ya sa hoton kyamarar motata ke dushewa da dare?

Tambaya daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina lodin fasinja zuwa Jega, kuma nakan tashi kafin gari ya waye. Na sayi kyamarar da ake liƙawa a gilashin gaba, an rubuta 4K a kwalinta, amma da duhu ya yi sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, lambar motar da ke gabana ma ba ta karantuwa. Ina matsalar take?

Amsa daga Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tana ga sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamarar. Idan aka cusa ɗigon hoto kusan miliyan 8, wato abin da 4K ke nufi, a kan ƙaramin faranti, kowane ɗigo zai ƙanƙance, hasken da yake samu ya ragu, sai na'urar ta ƙara masa ƙarfi da lantarki, kuma daga nan tsaki-tsakin yake fitowa. A ganina, gara kyamarar 1080p, wato mai ɗigo kusan miliyan 2, mai babban sensa. Ka nemi mai sensa ƙirar Sony STARVIS, wadda aka tsara domin ƙarancin haske, mai faffaɗar ƙofar haske, wato f/1.8 ko f/1.6.

Amsa daga Yauri:
Gaskiya ne. Game da lamba kuwa, fitilarka ce take haske ta har ta yi fari fat, shi ya sa tsarin HDR, mai daidaita wurare masu haske da masu duhu a hoto, yake da amfani. Sannan ka riƙa goge gilashin gaban motar, domin ƙurar hunturu tana watsa hasken fitilun da ke tahowa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri.