Masu jinkirin aure da waɗanda suka tsaya a ɗa ɗaya: me ya tsayar da ku?

Maman Ilham: 'Yan uwa, ana ta maganar raguwar aure da haihuwa. A Koriya ta Kudu lissafin 2023 ya nuna matsakaicin haihuwa 0.72 ne ga kowace mace, ko ɗa ɗaya bai cika ba, alhali sai an kai 2.1 yawan al'umma ke tsayawa yadda yake. Kowa ya faɗi nasa. Ni 'yata ɗaya ce, kuma Allah ya sani ina son ƙari. Hutun haihuwa na ƙarewa na koma aiki, ina tatsar nono a banɗakin ofis, ina ɓoye kwalbar a jaka kada a ce na cika uzuri. Abin da nake ba mai reno ya kusa rabin albashina. In na ƙara, ɗayanmu zai ajiye aiki, kuma kowa ya san wace ce.

Abba: Anti, ke kin ma yi nisa. Ni aikin kwantiragi nake, ƙarshen kowace shekara zuciyata na dukan uku-uku, ko a sabunta ko a sallame ni. Haya kuwa ba ta jiran kowa. Wadda muka yi alkawari da ita ta jira har ta gaji, ban ga laifinta ba.

Hajiya Babba: Biyar na haifa, ba mu da wani abin kirki, amma surukata na gida, ƙannena na kusa. Yaro bai taɓa rasa hannun da zai ɗauke shi ba. 'Yata aiki ya kai su nesa, daga ita sai mijinta. Ranar da jaririn ya kwana da zazzaɓi, ta waya na taya ta reno, tana kuka ina kuka. Tun daga nan na daina yi mata maganar ƙani.

Zee: Mama, a gafarce ni, nawa ba na kuɗi ba ne. Ina da aiki, ina riƙe kaina. Yayata nake kallo: tare suke dawowa aiki da mijinta, shi ya miƙe da waya, ita ta shiga wanki da aikin makarantar yara. Mijin da za mu raba wannan aikin tare nake jira. Sin ta janye dokar ɗa ɗaya a 2016, ta halatta uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'arta raguwa ya yi. Izini ba ya goyo.

Abba: Zee, ni fa na iya wanki. Takardar aikin dindindin ce ta ƙi fitowa.